Makiyayin Wayoyi Huɗu

Ruwa ba ya tsami banza. Ranar Litinin da hantsi Ruƙayyatu ta murɗa makullin sito a kamfanin Hajja Juwairiyya, mai sayar da magungunan dabbobi a wani tsohon gida da ke GRA, tana sa ƙafa sai ta ji ta cikin ruwa. Babu wuta, firij uku sun yi tsit kamar gidan makoki, ƙanƙararsu ta narke ta malale. Batura takwas na sola, waɗanda ke riƙe da sanyin in an ɗauke wuta, babu ko ɗaya, sai igiyoyinsu a yanke suna lilo. Allurar rigakafin da makiyaya suka yi wata guda suna jira duk ta tashi aiki.

Kafin azahar Hajja ta iso daga Gombe, mayafi a kafaɗa, ido ja.

Ita Hajja ba mai zaman ofis ba ce. Yau Gombe, gobe Jos, jibi Kaduna. Da waya take mulkin mutanenta. Ta sa musu wata manhajar hira ta ofis, inda kowa yake da ɗigo kore kusa da sunansa in yana kan aiki. Daga duk inda take sai ta riƙa jefo saƙo, wani umarni, wani nasiha, kowa kuma ya danna alamar babban yatsa don a san ya gani. Manhajar na ƙirga wa ya amsa, da saurin amsawarsa. Duk Litinin a fitar da rahoto, a yaba wa na ɗaya, na ƙarshe ya sha faɗa a gaban kowa.

Ma'aikatan huɗu ne: Ruƙayyatu mai riƙon sito, Mahfuz mai kula da kwamfuta, Fakhruddeen mai kai magani rugage, da Gift mai karɓar baƙi. Na biyar ɗinsu Ɗanlarai maigadi, wanda tun kafin a tambaye shi ya miƙo wayarsa.

"Hajja, ni umarni na bi. Ga shi nan a rubuce."

Hajja ta karanta a fili. "Masu gyara za su zo da keke napep su ɗauki batura. Ka buɗe musu, kada ka dame ni ina aiki." Ta ɗago. "Juma'a, ƙarfe biyu da minti ashirin. Daga sunanki ya fito, Ruƙayya."

"Wallahi Hajja ban rubuta ba."

"To wa ke riƙe da wayarki?"

Ruƙayyatu ta dubi Gift, ta dubi Mahfuz, ta dubi Fakhruddeen. Kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

"Rahoto ya ce kina kan aiki tun safe har ƙarfe huɗu, ɗigonki bai mutu ba ko sau ɗaya," in ji Hajja. "Ba ni makullin. Na ba ki zuwa Laraba da la'asar. Ko batura su fito, ko 'yan sanda su zo su tafi da ke."

*

A Inkil, can bakin gari, akwai wani dattijo, Bappa Jalo, yayan mahaifin Ruƙayyatu. Shekara arba'in yana bin sawun shanun sata. Ya taɓa bin sawun bijimi guda kwana shida, ta kan dutse da rafi, har ya je ya kama shi ɗaure a bayan gidan mahauci. Boko dai bai yi ba, amma ƙasa ba ta taɓa yi masa ƙarya ya yarda ba.

Yana gyaran igiya a gindin ɗorawa ta zo ta durƙusa ta zayyana masa.

"Kin ɗauka?"

"Ban ɗauka ba, Bappa."

"Kin sa an ɗauka?"

"Allah ya kiyaye."

"Kina ina ƙarfe biyun Juma'a?"

Ta kawar da kai tana gyara gyalenta.

"Mai ɓoye ciwo shi ke ba wa kansa wuya," ya ce. "Amma ba komai. Abin da baki ya ƙi faɗa, ƙafa ta riga ta rubuta." Ya naɗe igiyar, idonsa na wani ƙyalli da matansa suka daɗe ba su gani ba. Shekara uku ke nan rabonsa da bin sawu, gwiwa ta hana. Ya ce a wanke masa farar riga.

*

Talata da sassafe keke ya sauke shi a ƙofar kamfanin. Hajja da kanta ta fito tarbarsa, don shi ya taɓa dawo wa mahaifinta da shanu goma sha bakwai.

"Bappa, ba don kai ba ne da ba zan bari a sake tona maganar nan ba. Sai dai an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya ranar Asabar. Babu sawun da za ka samu."

"Bari dai in gaisa da ƙasar."

Ya zagaya gidan da sandarsa, a sunkuye. Gaskiyar Hajja, ruwa ya shafe komai. Ya dawo ya zauna kan bencin Ɗanlarai.

"Su wa suka zo?"

"Mutum biyu ne da keke, Malam. Ban san su ba. Baturan ma a baranda suka tarar da su, an riga an fito da su."

"Ka leƙa ciki ka ga Ruƙayya?"

"An ce kada in dame ta."

"An ce min ƙanenka yana tuƙa keke."

Ɗanlarai ya miƙe tsaye. "Wa ya faɗa? Ƙanena kekensa yana wajen bakanike tun watan jiya, injin a ƙasa. A je a gani. Ni shekara tara ina gadin gidan nan ko tsinke..."

"Zauna. Wa ya fita ta ƙofarka ranar Juma'a?"

"Ba kowa. Ni kaɗai na je masallacin nan na kusa, na kulle ƙofa, na dawo na buɗe."

"Mahfuz da Fakhruddeen ba sa Juma'a ne?"

Ɗanlarai ya sosa ƙeya. Bai taɓa tambayar kansa ba.

Bappa ya tashi ya nufi bayan gidan, inda mangwarori suka yi duhu. Can jikin katanga akwai wata 'yar ƙofar ƙarfe, ta yi tsatsa kamar tun zamanin Turawa ba a taɓa ta ba. Ya shafa sakatar, ya shinshina yatsansa. Sabon mai aka shafa mata. Ya dubi ciyawar damina da ta kai gwiwa ko'ina, ban da wata siririyar hanya daga ƙofar zuwa bayan ofis, inda ƙasa ta daddale ta yi tauri.

"To," ya ce wa kansa, yana murmushi. "Ruwa yana wanke sawun jiya, ba ya wanke hanyar wata da watanni."

*

Ya sami Mahfuz a gaban kwamfuta, mutum mai ƙiba da tabarau, yana ta share gumi alhali fanka na juyi.

"Ɗana, an ce abin nan naku yana rubuta motsin kowa."

"Yana rubutawa, Baba, amma da Turanci ne, ga lambobi da yawa. Ba lallai ka..."

"Fitar masa," in ji Hajja daga bakin ƙofa. "Na Juma'a gaba ɗaya, har da sakan-sakan."

Takardu suka fito shafi tara. Bappa bai ko dube su ba. Ya sa aka samo masa masara, wake, gyaɗa da dawa, kowanne cikin tafin hannu. Ya fita gindin mangwaro ya share yashi mai laima da gefen sandarsa.

"Masara Ruƙayya ce. Wake kai ne. Gyaɗa Fakhruddeen, dawa Gift. Kowane saƙon Hajja layi ɗaya ne. Kai karanto min wa ya fara dannawa, da tazarar da ke tsakani. Kowane sakan faɗin yatsa."

Mahfuz ya fara daga safiya. Ƙwayoyin suka watsu yadda suka ga dama, wannan ya riga nan, wancan ya makara can. Bappa yana gyaɗa kai. "Haka mutane ke tafiya. Ci gaba."

Da aka kai sha biyu da rabi sai tafiya ta sake. Dawa, sannan masara, sannan wake, sannan gyaɗa. Layi na gaba, dawa, masara, wake, gyaɗa. Na gaba ma haka. Tazarar kamar an auna da igiya. Bappa ya durƙusa, ya manta da gwiwar da ke ciwo, yana ajiye ƙwaya tun kafin Mahfuz ya karanto, kuma ba ya kuskure.

A layi na bakwai dattijon ya bushe da dariya har da buga sanda.

"Hajja, zo ki ga ikon Allah. Shanu huɗu in suna kiwo da kansu, kowace da inda take sa baki. In kika ga sun jeru, ta gaba ita ce ta gaba kullum, ta baya ita ce ta baya, to akwai mai kora su. Wannan ba sawun mutum huɗu ba ne. Mutum ɗaya ne da waya huɗu."

Hajja ta dubi Mahfuz. Mahfuz ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga.

*

Gift ce ta fasa ƙwan, da aka shigar da ita ofis gaban Hajja da Bappa.

"Baba, ni na gaji da ɓoyewa. Kiwo muke ce masa. In rana ta take, babu baƙo, babu aiki, sai mutum ɗaya ya zauna da wayoyi, sauran su fita ta baya su yi harkarsu. Kowa ya san lambar sirrin wayar kowa. Litinin zuwa Alhamis karɓa-karɓa ne. Juma'a tawa ce kullum, tunda su suna masallaci, Ruƙayya kuma tana zuwa unguwar Wunti koyon ɗinki."

"Wata nawa?" Hajja ta tambaya, murya can ƙasa.

"Takwas, Ma."

"Makullin sito fa?" in ji Bappa.

"A durowa take barin sa tare da wayarta, ko baƙo zai zo sayen magani."

"Ke nan ƙarfe biyu da minti ashirin wayar Ruƙayya da makulli suna hannunki," in ji Hajja.

"Ba na nan, Ma. Biyu saura minti ashirin wani ya kira ni da baƙuwar lamba, ya ce mashin ya buge 'yata Christabel a Yelwa. Na zuba wayoyinsu a durowa, na ɗauki tawa na fita da gudu. Na je na same ta a ƙofar gida tana cin gyaɗa, ko ƙwarzane babu. Sai uku da rabi na dawo, na tarar da komai a inda na bar shi."

"Rahoto ya ce wayoyin ba su daina amsawa ba."

"Ni ma abin da ya hana ni magana ke nan, Ma. Wa zai yarda?"

Lallai ba wanda ya yarda. Kafin la'asar magana ta zagaye gidan, har mai shayin bakin titi ya ji cewa Gift da Ruƙayya ne suka haɗa baki. Hajja ta ce ranar Laraba mota ɗaya za ta kwashe su biyun.

Bappa ya tarar da Fakhruddeen yana goge mashin ɗinsa. Kyakkyawan saurayi, ga ladabi, har ƙasa ya gaishe shi.

"Kai ne gwarzon gidan, in ji su."

"A'a Baba, ƙoƙari dai ake. Sati goma sha tara ina na ɗaya."

"Madalla. Juma'a kana ina?"

"Na ba Gift wayata sha biyu da rabi, na tafi babban masallaci. Daga can na wuce ruga wajen wani mai saniya mara lafiya. Sai dab da ƙarfe huɗu na dawo na karɓa." Ya rage murya. "Baba, ba gulma ba, Gift tana cikin matsi. Ni tausayinta ma nake ji. Ruƙayya kuwa sakaci ne kawai, na tabbata."

"Allah ya yi albarka," in ji Bappa. "Mutum mai tausayi ba ya taɓewa."

*

Da yamma, rana tana kan ɗorawa, Bappa ya share tsakar gidansa a Inkil ya zaunar da Ruƙayyatu da sauran shafukan.

"Ɗinki," ya ce. "Za ki kwana ofishin 'yan sanda, sunan gidanmu ya shiga bakin duniya, saboda ɗinki."

"Mun yi rantsuwa ne, Bappa, ba wanda zai tona. In na faɗa duk mu huɗu za a kora. Mahfuz 'ya'yansa biyar."

"Su da kika rufa wa asiri, wa ya buɗe baki ya ce ba kya nan? Karanto min. Daga biyu saura minti ashirin."

Ta karanta, yana jerawa. Layi ɗaya, biyu, uku. Kaji suka matso ya kore su da hula. A na huɗu ya dakata, ya auna da yatsa, ya koma ya auna na farko. Fuskarsa ta sauya. Ruƙayyatu ta san wannan fuska tun tana ƙarama, fuskar da yake yi in ya ga kashin saniya bai gama bushewa ba.

"Bappa, me ka gani?"

"Karatu na ce ki yi."

Layi goma sha ɗaya suka cika. Ya miƙe da ƙyar, ya zagaya su sau biyu, sannan ya miƙa mata hannu.

"Ba ni wayarki. Yaya ake buɗe ta?"

"In ni ce, yatsa kawai nake ɗorawa a nan, ta buɗe. In wani ne sai ya danna lambobi."

"Ta kowa haka take?"

"Duk Hajja ce ta saya mana, iri ɗaya."

Ya mayar mata. "Je ki ci tuwo. Ki ci da yawa."

*

Laraba bayan azahar aka taru a gindin mangwaro. An fito da tebur da kwamfutar Mahfuz. A gefe, tabarma a shimfiɗe kan yashi, Bappa ya sa duwatsu a kusurwoyinta, ya ce wanda ya ɗaga ta sai ya ji sanda. Direban Hajja yana cikin mota a bakin ƙofa, yana jiran a ce ya ɗauko 'yan sanda.

"Ni ban taɓa ganin kiwon waya ba," in ji Bappa, "kuma ba na son in mutu ban gani ba. Ku zuba su a tebur. Kowa ya yi min yadda yake yi. Hajja za ta jefo saƙo, Mahfuz ya faɗi lokaci. Wanda ya fi sauri ina da goro."

Ɗanlarai ya yi dariya, shi kaɗai.

Gift ta fara. Hajja ta danna, wayoyi huɗu suka yi ƙara tare. Hannun Gift ya kai kan tata, yatsa, danna. Sannan ta ɗauki ta Ruƙayya tana buga lambobi.

"Biyu," in ji Mahfuz. "Tara. Goma sha shida. Ashirin da biyar."

"Kai kuma."

Mahfuz ya zauna, Ruƙayyatu ta karɓi kwamfutar. Wayoyi suka yi ƙara, ya cafki tasa. Uku, goma sha ɗaya, goma sha tara, ashirin da takwas.

"Ƙiba ta hana ka goro," in ji Bappa. "Ruƙayya."

Ita ma tata ta fara ɗauka. Fakhruddeen ya zo ƙarshe, yana naɗe hannun riga, yana murmushi. Ƙara ɗaya, yatsansa ya sauka kan wayarsa kamar shaho.

"Biyu. Takwas. Goma sha huɗu. Ashirin."

"Goronka ne," in ji Bappa, ya ciro ya miƙa masa. "Hajja, me kika gani?"

"Na ga yadda aka yi wata takwas ana mayar da ni sakarya."

"Wannan daban. Kowa da wace ya fara?"

Hajja ta dubi wayoyin. "Da tasa."

"Da tasa. Ba wanda ya gaya musu. Makiyayi ko yana kora shanun gari duka, akwai saniya ɗaya da ke bin diddiginsa, ita ce tasa, don ta san hannunsa. Sauran sai ya yi musu kira." Ya ture duwatsun da sanda. "Ɗanlarai, ɗaga tabarmar."

Layuka suka bayyana a yashi. Kowa ya matso.

"Nan sama, daga sha biyu da rabi, dawa ce a gaba, yatsa biyu. Gift ke kiwo, kamar yadda ta faɗa. To ku dubi nan, daga biyu saura minti ashirin. Ina dawa?"

"Ga ta can nesa," in ji Ɗanlarai, yana nuna wata ƙwaya da ta kusa kai saiwar mangwaro. "Nan kuma babu ita ma sam."

"Ta bar garke. Wani saƙon ta amsa bayan minti biyar, wani bayan goma, wani ba ta amsa ba. Mace ce cikin keke, an ce mata 'yarta na kwance a titi, amma tsoron faɗan Litinin ya sa tana lalubar waya tana dannawa. Gift ba ta gidan nan."

Gift ta rufe fuska da gyalenta.

"Amma garke bai kwanta ba. Wani ya shigo ta ƙofar baya ya karɓi sanda. Layi goma sha ɗaya, har uku da kwata. A tsakiyarsu aka aika wa Ɗanlarai saƙo da wayar Ruƙayya. Da Ruƙayya ce, da masara ce a gaba. Da Mahfuz ne, da wake. Hajja, idona ya tsufa. Duba min wace ƙwaya ce a gaba."

Hajja ta sunkuya. Ta bi layukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya har ƙasa.

"Gyaɗa," ta ce. "Duka goma sha ɗayan."

Fakhruddeen ya yi dariya, goron na hannunsa. "Haba Baba. Wanda ya buɗe durowa ai wayar da ke sama zai fara ɗauka. Tawa ce a sama, shi ke nan."

"Ya yiwu. Tazarar nawa, Mahfuz?"

"Sakan biyu. Wani wurin ma ɗaya."

"To karɓi wayarsa, ka san lambarsa. Buɗe min ita cikin sakan biyu, in ba ka saniya."

Hajja ta jefo saƙo. Mahfuz ya duƙufa, yatsu na tsalle. Takwas. Ya sake, bakwai. Gift ta share hawaye ta karɓa ta gwada, takwas.

"Lambarsa shida ce," ta ce. "Kullum ita ke ɓata min lokaci."

Bappa ya juya ya fuskanci saurayin, ya dogara da sandarsa da hannu biyu.

"Ɗana, na yarda ka je babban masallaci, na yarda ka wuce ruga. Abu ɗaya ya ɗaure min kai. Babban yatsanka, shi a ofis ka bar shi?"

Fakhruddeen ya dubi ƙofar gaba, Ɗanlarai ya riga ya koma ya tsaya a kanta da kulkinsa. Ya dubi ta baya, Mahfuz da duk ƙibarsa ya tare hanyar. Sai ya zauna kan bakin tebur, a hankali.

"Suna wani shago a bayan tasha," ya ce. "Ba a sayar ba tukuna. Ban yi zaton wutar za ta daɗe ba ta dawo ba, Hajja. Ban yi niyyar allurar ta lalace ba."

"Kai ka kira Gift?"

Ya gyaɗa kai. Gift ta yi kansa, Ruƙayyatu ta riƙe ta.

"Tsaya, ina da tambaya, ta kaina ce," in ji Bappa. "Da ka aika saƙonka ka mayar da wayoyin durowa suka yi barci, da babu sawun da zan bi. Da yanzu matan nan biyu suna cikin mota. Me ya sa ka zauna kana ta dannawa, ga batura na jiranka?"

Fakhruddeen ya dubi goron da ke hannunsa.

"Hajja tana ta turo saƙo," ya ce. "In ban amsa ba zan sauko daga na ɗaya."

Bappa ya girgiza kai. "Hali zanen dutse."

*

Da direba da Ɗanlarai suka tafi da shi, Hajja ta zauna kan kujera, makullin sito a hannunta, rahotannin wata takwas a cinyarta. Ukun da suka rage suna tsaye kamar masu jiran alƙali.

"Sata ta fita daga kanku," ta ce. "Saura ɗayar. Wa ya kawo wannan kiwo gidana? In ban ji suna ba, duk ku ajiye min wayoyina ku kama hanya."

Mahfuz ya fara share gumi. Gift ta buɗe baki, Ruƙayyatu ta riga ta.

"Ni ce, Hajja. Ranar da kika yi wa Gift faɗa a gaban baƙi don ta makara minti huɗu tana banɗaki, ni na ce ta riƙa ba ni wayarta. Daga nan abin ya girma. Su bi na suka yi."

Hajja ta dubi dattijon. "Bappa, ba za ka roƙa mata ba?"

"A'a. Sata na zo cire mata, na cire. Ha'inci kuwa ta yi, kuma da bakinta ta faɗa. Ki yanke abin da kika gani."

Hajja ta juya takardun, shafi bayan shafi, duk ɗigo kore da yabo da jan biro. Ta ɗaga su sama.

"To duk wannan tulin, babu gaskiya ko ɗaya a ciki?"

"Akwai guda," in ji Bappa. "Sun nuna wata takwas mai garke ba ta leƙo garkenta da rana ba."

Mahfuz ya yi tari don ya danne abin da ya taso masa. Hajja ta harare shi, ta harari dattijon, ta daɗe tana juya makullin a yatsa. Sannan ta cilla shi, Ruƙayyatu ta cafe da hannu biyu.

"Gobe ƙarfe takwas," ta ce. "Ki fara da kwashe ruwan sito. Gift, a share min ofishina, a sa kujera mai kyau. Zama zan yi."